Bencin Baya

Gawar Saratu na kwance a bayan a-kori-kurar albasa da ta ɗauko ta daga asibitin Jega, rana na dukan zanen da aka lulluɓe ta da shi. Uwarta Rifkatu kuwa na durƙushe a ƙofar coci, gaban Fasto.

"Baba, a shigar da ita ko bakin ƙofa ne. Nan aka yi mata baftisma, nan take waƙa tun tana 'yar mitsitsiya."

Fasto ya sunkuyar da kai. Ba mugu ba ne, tsoron dattawan coci ne ya fi ƙarfinsa. "Mama, kin san ƙa'ida. Cikin horo ta rasu, ga shi muna makon tsarkakewa. Za mu yi mata addu'a a maƙabarta."

Tun da ciki ya bayyana a jikin Saratu ba aure, aka kira sunanta gaban jama'a, aka raba ta da rigar mawaƙa da Jibin Ubangiji, wato gurasa da abin shan da masu bi ke karɓa a coci, aka mayar da ita bencin baya, kusa da tsintsiyoyi. An ce in ta haihu ta tuba a fili, za a maido ta. Haihuwar ta zo da gardama, ta tafi da su biyun. Mai cikin kuwa, Dattijo Ayuba, wanda take tsare wa shagon taki, ba wanda ya kira sunansa. Kowa ya sani, amma tunda shi ya yi wa cocin rufin kwano, sai aka ce a bar wa Allah.

Balkisu maƙwabciyar Rifkatu, Musulma, ita ta kama kafaɗarta. "Tashi mu tahi gida, Rifkatu. Ɗiyar ga a bayana ta girma, ba mu barin ta ga rana."

* * *

An binne Saratu ba ganga ba waƙa. Ƙawayenta mawaƙa sun zo cikin kayan gida, suna kuka a ɓoye kamar masu laifi. Wannan shirun ya fi mutuwar kanta cin ran Rifkatu.

* * *

Ranar Lahadi aka rufe makon tsarkakewa, kowa cikin fararen kaya. Rifkatu ba ta nufi wurinta cikin zumuntar mata ba, ta zauna a bencin baya. Ba shi da majingina. Sai yau ta san yadda 'yarta ta yi ta zama a nan da tsohon ciki. Da ta dafa katakon, yatsunta suka taɓa ƙwallayen tsamiya a cikin wata tsaga, waɗanda Saratu ke tsotsa don tashin zuciya. Ta tattara su a tafinta, hawaye na zuba.

Dattijo Ayuba ne ke zagayawa da tiren Jibin Ubangiji. A al'ada tiren ba ya kaiwa bencin baya. Ya tsaya a layin da ke gabanta, ya rage murya.

"Mama, ki koma gaba mana. Ke ai ba kya cikin horo."

Ta ɗago ta dube shi. "Na sani. Wurin nan akwai mai shi. Tsare masa nake yi kafin ya zo."

Dattijo Ayuba ya kawar da idonsa daga kanta. Ya juya ya nufi gaba, mawaƙa suka ɗauki waƙar wanke zuciya. Rifkatu ta ƙulle ƙwallayen tsamiyar a bakin zanenta.