Saƙon da Yagana Ta Kai Sabon Gari

A shekarar da azumi ya faɗo cikin bazara, ana kan kwashe ragowar gyaɗa daga ƙauyuka zuwa tashar jirgin ƙasa ta Kano, Modu yana tuƙa babbar motar wani ɗan kasuwa mai suna Ambrose, wanda gidansa da garejinsa suke Sabon Gari. Shi Modu a Fagge yake zaune tare da matarsa Huseina da mahaifiyarsa Yagana, Babarbariya ce da aka kawo Kano tana ƙarama, ta tsufa a kan sana'ar haɗa turaren wuta.

Modu ne ɗanta na fari. Saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama su yi doguwar hira, ba ta kuma nuna damuwa da shi a gaban mutane. Haka ta tarar ana yi a unguwar, haka ta riƙe. Idan tana da magana, Huseina take faɗa wa, amsa kuma ta hanyar Huseina take dawowa.

Duk wanda yake bin hanyar Katsina ya san da goro Modu yake tuƙi. Yakan fita da gishiri da kananzir, ya dawo da buhunan gyaɗa, bakinsa bai huta da tauna ba. Da azumi ya kama, goro ya haramta gare shi daga asuba zuwa faɗuwar rana, wato daidai lokacin da yake riƙe da sitiyari. Dare ma ba nasa ba ne. In ya sha ruwa sai asham, daga asham sai gareji wajen duba lodi, kafin ya miƙe ƙafa da kyau an fara tashin mutane sahur.

Yagana tana lura. Ta ga ya sallame sallar la'asar wata Juma'a, ya zauna a kan buzu da carbi a hannu, kansa ya yi ƙasa, carbin ya zame bai sani ba. Ta ce wa Huseina ta tuna wa mijinta cewa Allah ya yi wa matafiyi sauƙi. Amsar da ta dawo ita ce, direba kullum matafiyi ne, in ya sha yaushe zai rama. Kuma goro ba ya ɓuya, ba zai shiga tasha da jan baki da tsakar rana a watan azumi ba.

Ana nan sai maƙwabciyarta Bintu ta dawo daga gaisuwar rasuwa a Rijiyar Lemo. Ta shigo ta zauna, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce ta ga motar Modu da idonta wajen azahar. Babu rami a gabanta, babu dabba, amma motar ta saki hanya a hankali kamar jakin da ya hango ciyawa, ta bi gefen gona, sai da ta ture shingen kara sannan ta yi birki. Ta ce Modu ya sauko ya wanke fuska, ya ba mai gonar haƙuri, ya hau ya wuce. Nan gaba kaɗan da wurin akwai kududdufi mai zurfi.

Yagana ta ce Allah ya kiyaye gaba, ta ci gaba da daka sandal. Amma washegari da hantsi ta ɗaure turare mai kyau a ƙyalle, ta yafa mayafi, ta nufi Sabon Gari da ƙafa.

Felicia, uwargidan Ambrose, ta karɓe ta a barandar gida da murna. Ta iya Hausar kasuwa sosai, ta shimfiɗa mata tabarma, ta miƙo ruwa sannan ta tuna, ta janye kofin tana dariya tana neman gafara. Suka gaisa, aka tambayi yara da ciniki da zafin gari. Felicia tana ta cewa "Maman Modu," Yagana tana sunkuyar da kai duk sa'ad da aka faɗa. Daga ƙarshe ta kawo abin da ya kawo ta, ba tare da ta ambaci suna ba.

"Direbanku na Fagge barci yana ɗaukarsa a hanya. Ba lalaci ba ne, azumi ne da rashin goro. Na ce bari in gaya miki, ke ce kusa da maigida."

Felicia ta dafa ƙirji, ta ce wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma yau ɗin nan maigida zai ji.

Yagana ta koma gida hankalinta kwance. A Fagge, idan aka kai wa babba magana ta hannun iyalinsa, ya san abin da ya rage masa. Zai nemo dalili daga wani wuri, ya ce mota tana son gyara ko kaya ba su iso ba, yaro ya huta, ba wanda zai san inda maganar ta fito. Ba ta ce wa Felicia a ɓoye zuwanta ba. A ganinta faɗin haka raini ne, kamar a tuna wa dattijuwa ta wanke hannu kafin cin tuwo.

Ambrose mutum ne mai faɗin magana a fili, yana kuma ji da Modu. A garinsu, mutumin da tsohuwarsa za ta taka rana ta ratsa gari saboda shi, abin a yi masa barka ne. Don haka da Modu ya shigo gareji da yamma, direbobi da makanikai da masu lodi duk suna nan, Ambrose ya dafa kafaɗarsa ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. Yadda labarin ya iso Fagge, cewa ya yi:

"Modu, mamanka ta zo gidana. Ta ce kana barci a mota. Ka gode wa Allah da irin wannan uwa. Ka ba Cyprian makulli, ka je ka kwanta sai bayan Salla."

Sai wani direba mai suna Sammani, wanda ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ya ce ai ba sai an karɓe makulli ba, a sa wa Inna kujera a gaban mota ta riƙa taka masa birki. Wani ya ƙara da cewa a haɗa da zanen goyo, in ya yi gyangyaɗi a jijjiga shi. Har Cyprian, wanda zai karɓi motar, ya ce su bari, amma dariya ta riga ta kama. Modu ya ajiye makulli a kan benci ya fita.

Bai yi faɗa a gida ba. Ya sha ruwa kamar kullum, ya yi magariba, sannan ya zo bakin ƙofar ɗakin mahaifiyarsa ya durƙusa, abin da ba ya yi sai da safe.

"Inna, kin je Sabon Gari?"

"Na je."

"Da ni kika gaya wa."

Yagana ta dubi kaskon turaren da ke gabanta. Akwai amsa, amma ba irin wadda uwa take ba ɗan fari ba ce. Ta ce, "Allah ya sa haka shi ya fi alheri." Ya ce amin, ya tashi.

Ambrose ya aiko har Fagge, Felicia ma ta zo da kanta tana mamakin abin da ya yi zafi, tun da an yi masa alkawarin motarsa tana jiransa. Modu ya karɓe su da mutunci, ya gode, ya ce ba zai iya sake shiga garejin nan ba. Sauran kwanakin azumi a zaure ya yi su, yana barci daga hantsi zuwa azahar. Yagana takan wuce ta gan shi a miƙe a kan tabarma, lafiya lau. Abin da ta roƙa ke nan, ba ta kuma ƙara komai a kan roƙon ba.

Bayan Salla ya sami mota a wurin wani mai fataucin busasshen kifi da ke bin hanyar Yerwa, hanya mai ninkin ta Katsina sau uku a nisa, inda ba wanda ya san labarin kujera da birki. Kafin damina ta sauka ya kama ɗaki a can, ya aiko aka tafi da Huseina.

Fatake masu zuwa Fagge sukan kawo wa Yagana gaisuwarsa da ɗan saƙo. Wani daga cikinsu ya taɓa ce mata ɗanta yana da wata al'ada da fasinjojin motar kifi suke ƙorafi a kanta: rana na take tsaka sai ya ajiye mota a gindin tsamiya, ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashinta ya kwanta, ko da wa ke sauri. Yagana ta tambaye shi ko hanyar tana da kyau bana. Ya ce da dama. Ta sa aka kawo masa ruwa.