Kasko da Gadar Katako

Kun gan shi. Kada wani ya ce mini bai gan shi ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar gonar Stuckey ya hango hancinsa ta tsagar ƙofar sito, ya yi dariya, ya kawar da kai. Kasko muke ce masa a nan Dunmore. Jirgin sama ne da marigayi Orval Stuckey ya haɗa da katako da yadi tun kafin yaƙin duniya na biyu, fukafukansa gajeru, masu faɗi, kamar kwaɗon da aka danne. Shekara da shekaru muna taruwa cin fanke a filin jirgi ran Lahadi, ba wanda ya taɓa tambayar abin da ya sa aka yi shi haka.

Ni abin ya dame ni. A jami'a an koya mana dogon fiffike siriri shi ne fiffike. To me ya sami Orval? Ina dawowa gida na ji an sayar da gonar, kuma ran Asabar sabon mai ita zai rushe siton ya ƙone abin da ke ciki.

Na sami Wendell Krabill, shugaban ƙungiyarmu ta masu haɗa jirgi a gida, yana juya fanke.

"Baba Wendell, a ba Kasko gefe a rumfar jirage mana."

"Ɗan boko ya dawo! Rumfar jirage ce, yaro, ba ta kayan girki ba."

"Ka taɓa ganin ya tashi?"

"Na dai taɓa ganin kaji sun tashi daga cikinsa."

Aka kwashe da dariya. Na bar fankena na tafi wajen matar Orval. Na same ta tana ɗaure kaya, za ta koma gidan 'yarta.

"Goggo Elva, me ya sa fukafukan nan gajeru ne?"

Ta zaro wata tsohuwar igiyar shanya mai ƙulli guda, ta ce, "Ta da motar nan taka mai tari, kai ni gada."

Tsakanin gonar da filin jirgi hanya ɗaya ce, kuma sai ta ratsa tsohuwar gadar katako mai rufi da bango. Ta sa na riƙe bakin igiyar a bango ɗaya, ta ja zuwa ɗayan. Ƙullin ya tsaya saura faɗin tafin hannu.

"Ga faɗin jirginka," in ji ta. "Da fari dogayen fukafukai ya zana, irin na kowa. Na ce, maigida, ta ina za ka bi da shi zuwa fili, ta sama? Ya yini bai yi mini magana ba. Daga nan abin da ya rage a tsawo ya mayar a faɗi. Ni na ɗinke yadin. Har yau yatsun nan ba su yafe masa ba."

"Amma ya tashi?"

"Da Orval a ciki? Mutumin da kujerar coci ke kuka in ya zauna? Gudu kawai ya yi cikin ciyawa, jama'a suka yi dariyarsu suka watse. Washegari ba kowa a fili, ni na shiga."

Na saki igiyar.

"Ɗauki min igiya, kai! Tashin ba wani abu ba ne. Saukar ce. Sai ya ɗaga hanci sama, ya yi ta zuwa a hankali, ya zauna kamar kaza a kan ƙwai."

Na taɓa karanta cewa gajeren fiffike mai faɗi yana riƙe iska a inda dogo zai sake ta, amma layi biyu ne a ƙasan shafi, malaminmu ma tsallake su ya yi. Ashe ga abin a siton Stuckey, kaji na kwana a ciki!

"Ba tashi nake nema ba," in ji ta a hanyar komawa. "Kada dai in hango hayaƙinsa."

Na kai wa Wendell labarin. Ya fara dariya, sai ya tsaya.

"Elva? Mai kawo mana kek ɗin tuffa?" Ya sosa ƙeya. "To, in ya ratsa gadar nan da fukafukansa a jiki, na ba shi gefe."

Tayoyin Kasko sun ruɓe, kuma in aka ɗora shi a tirela rufin gadar zai tare shi. Sai dai a kafaɗa. Zuwa yanzu ni ne, da Goggo Elva da igiyarta, sai Wendell, wanda ya ce dariya kawai zai zo yi, amma ya tambaye ni ko ya taho da safar hannu.

Mu uku ba za mu ɗaga jirgi ba. Kun yi dariyarku ta ishe ku. Ran Juma'a da safe ku zo ƙofar siton Stuckey, kowa da kafaɗarsa, ku ɗauki Kasko ku ratsa da shi gadar nan.