Zare a Babban Yatsa

Eun-sol na tsaye gaban ma'ajiyar magunguna, tana neman maganin narkar da abinci, sai Sista Nam ta tsaya a bayanta ta tambaye ta na wane ne. Sabuwar nas ce Eun-sol a wannan asibiti na birnin Daegu, a Koriya ta Kudu, kuma duk ɗakin ba wanda take tsoro kamar Sista Nam, matar da kallonta kaɗai kan sa allura ta faɗo daga hannun mutum.

Eun-sol ta ce na Baba Gu ne, tsohon da aka yi wa aikin gwiwa. Matarsa ta kawo masa wainar shinkafa mai danƙo, ta tsaya masa a ƙirji, har matar ta ɗaure masa babban yatsa da zare ta soke shi da allura, baƙin jini ya fito, wai don abincin ya sauka. Haka kakar Eun-sol ke yi mata tana yarinya duk ranar da ta yi haɗama, shi ya sa da ta ga zaren murmushi kawai ta yi ta fito.

"Awon jininsa nawa? Bugun zuciyarsa fa?" in ji Sista Nam.

Eun-sol ta ce ba ta auna ba.

"Au, matarsa ce ta duba shi, ke kuma 'yar aikenta? Me aka ce miki a fara yi kafin a taɓa magani?"

A duba, a gano matsala, a tsara, a aiwatar, a sake dubawa. Eun-sol ta haddace wannan tsari kamar sunanta, ta ci jarrabawa a kansa, yau kuma ta tsallake na farko saboda tsohuwa ta yi magana, kuma ba a musa wa tsohuwa. Ta bar ma'ajiyar a buɗe ta kwasa da gudu.

Baba Gu na zaune yadda ta bar shi, matarsa na bubbuga masa baya. Sai yanzu Eun-sol ta gan shi da gaske. Gumi ya jiƙe wuyan rigarsa, leɓensa ya yi toka-toka. Ta kama wuyan hannunsa, sanyi ƙalau, bugun na tsalle yana ɓacewa. Ta tambaye shi ina ciwon yake kaiwa.

"Ba komai, 'yata, kar ki wahalar da kanki," ya ce, yana shafa hannun hagu har zuwa muƙamuƙi.

Ta danna ƙararrawa. Kafin ta gama ɗaura masa abin awon jini likita ya iso, aka turo gado, aka yi da shi ɗakin masu ciwon zuciya. Ƙofa ta rufe.

Ta ci gaba da aikinta, amma duk takun da ta ji a baranda sai ta waiwaya. Rana ta yi sanyi kafin Sista Nam ta dawo. Eun-sol ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa. Sista ta ce kawai Baba Gu yana numfashi, ba a san yadda za ta kaya ba tukuna, kuma Eun-sol ce za ta je ta gaya wa matarsa.

Tsohuwar na zaune a bakin gadon da ba kowa a kai. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta riƙo gefen rigar Eun-sol.

"'Yar nan, gaya mini gaskiya. Ni na ɓata masa lokaci da allurar nan, ko?"

"Mama, ke matarsa ce, kin yi abin da kika sani," in ji Eun-sol. "Ni ce nas."