Musayar Jirgi a Kasuwar Belbeji

"Ka hau sawun farko, ka bar mini na biyu," in ji Yahuza. "Na ƙara maka da rago."

Mukhtar mai shayi ya yi wuf ya miƙa hannu. "Allah ya sa albarka, Baba."

A kasuwar Belbeji aka yi wannan ciniki, saura mako uku maniyyata su tashi. Yahuza dillalin raƙuma ne, shekara arba'in ba wanda ya taɓa cusa masa tsohuwar dabba. Da mai shirya tafiyar ya nuna musu jiragen biyu a salula, sai ya ƙura ido. Na farko fentinsa duk ya koɗe, na biyu fari sol.

"Wannan haƙoransa sun zube," ya ce wa Sidi, amininsa tun suna kiwo, wanda tun rasuwar matar Yahuza ƙwarya ɗaya suke shan fura. "Zo mu koma sabon."

"Kai dai da tsoro! Ni inda 'yan garinmu suke, nan nake."

Aka sauya sunaye. Ranar tashi a Damagaram, Yahuza ya tsaya bakin shinge yana kallo, tsohon jirgi ya kwashe duk wanda ya sani. Kwana huɗu ya yi yana jira. Sabon kuwa ba shi da makusa, kujera mai laushi, ko girgiza babu, sai dai na kusa da shi ba ya jin Hausa. A Makka aka ba shi masauki tare da ayarin wata jiha. Sau biyu ya hangi Sidi, daga nesa.

Da aka dawo, kowace la'asar alhazai na cika rumfar Mukhtar.

"Alhaji Sidi, ka tuna da jirgin nan ya kama kakkarwa, ka damƙe wuyana kana salati?" in ji Mukhtar.

"Ƙarya kake, kai ka fara kuka!"

Sai dariya. A tuno ruwan da ya riƙa ɗiga a kan rawanin liman. Can wani ya waiwayo: "Alhaji Yahuza, naku fa?"

"Lafiya lau muka je."

Sai a koma hira.

Idon Yahuza bai yi kuskure ba, jirgin sabo ne. Amma Mukhtar ne ya ci riba: ga rago, ga Sidi kullum a rumfarsa. Yahuza kuwa ya faɗi a cinikin. Furarsa yanzu shi kaɗai yake sha.