Rotana

Tun ranar da sakamakon jarrabawar Hafiza ya fito, Gwadabe mai agashe ya daina amsa sunansa a kasuwar Suk Libya ta Omdurman. Abu Daktora ake ce masa, uban likita, shi ma ya karɓi sunan hannu bibbiyu. Da labari ya iso cewa yarinyar ta zaɓi Kulliyar Tarbiya, inda ake koyon malanta, sai ya rufe tukuba tun kafin la'asar, ya nufi gida a unguwar Dar Salam ko hannu bai wanke ba.

A tsakar gida ya tarar da ita tana tankaɗe.

"Ke! Tarbiya? Wadda na ba ki ce ba ta isa ba, sai kin je jami'a ƙari?"

"Baba, ba haka..."

"Rufe min baki! Allah ya ba ki makin likita, kin bi sahun waɗanda maki ya kasa. An ba ki doki kin ce jaki kike so. Da wane ido zan dubi Lawal mai albasa gobe?"

Ta ajiye rariya. "Kulliyar a nan Omdurman take, mota ɗaya ce, ba sai na haye gada ba."

"Ƙarya kike! Ruwa ba ya tsami banza. In ba ki faɗa min gaskiya ba, ki tafi, amma ba da albarkata ba."

Ya san ba za ta taka ko'ina ba sai da albarkarsa. Shi ya sa ya faɗa.

"To, saboda Yaya Alu ne."

Alu ɗansa ne na fari, wanda ya gudu daga makaranta yana ƙarami, yanzu yana Aljirif yana buga bulo a bakin kogi.

"Wannan malalacin? Me ya haɗa ki da shi?"

"Ba malalaci ba ne. Ranar da ya fara zuwa, malami ya ɗaga yatsu uku, Yaya ya ce uku. Daidai ya faɗa, amma ba talata ya ce ba, yadda ake faɗa da Larabci. Malamin ya ce ba ya son rotana a ajinsa, ya tsayar da shi ajin na dariya. Kullum haka. Daga nan Yaya ya daina buɗe baki."

Rotana. Haka ake kiran duk harshen da ba Larabci ba, kamar kukan tsuntsaye. Gwadabe ya sha jin kalmar a mota da kasuwa yana haɗiyewa. Bai san ta bi ɗansa har aji ba. Shi kuwa da igiyar akuya ya tarbi yaron duk ranar da ya gudo. An bar jaki ana dukan taiki.

"Shi ya sa na zaɓi lissafi, ajin ƙanana," in ji ta. "Yaron da ya ce min uku, zan ce masa ya yi daidai, sannan in koya masa talata."

Gwadabe ya miƙe, jijiyar wuyansa a tashe.

"Wane ɗan banzan malami ne? Ina yake?"

"Ya daɗe da barin unguwar, Baba."

Ya tsaya yana huci, ba wanda zai shaƙe. Can ya nuna ta da yatsa.

"Je ki, Allah ya yi albarka. Amma wallahi ranar da na ji kalmar nan a bakinki, na janye ta."

Ya saka takalmi. Ta tambaye shi ko kasuwa zai koma.

"Kasuwar me? Motar Aljirif zan hau."