Ranar da Gwaggo Ta Koma Gaban Tanda

Tun kafin a haife ni Gwaggo, yayar babana, take suyar waina a Kutama. Tana zuba ƙullu a wannan gida na tanda, tana juya ta wancan, tana iza wuta da ƙafa, bakin nan kuwa bai fasa tsokanar masu saye ba. Ko ɗaya ba ta ƙonewa.

Sai mijinta, Baba Jalo, ya rasu. Ta shiga takaba ta yi shiru, mutane na ta yaba haƙurinta. Ta fita takaba, shirun bai fita ba. Da ta koma suya, in ka gaishe ta sai ta tsaya amsawa, wainar ta ƙone ƙurmus. Rannan har gefen zaninta ya kama da wuta tana kallo.

Ɗanta Abdulnasir ya ɗauke tandar. "Inna ta ruɗe, tsufa ne," in ji shi. "Ita da wuta har abada."

Wallahi ni Badi'a raina ya ɓaci. A raba Gwaggo da tanda, me ya rage mata? Na tsaya masa a wuya har muka kai ta asibiti a Gwarzo. Likita ya sa ta tafiya tana faɗin sunayen jikokinta. Da ta fara faɗa sai ƙafa ta tsaya cak. Ya ce ruɗewar ƙwaƙwalwa da ciwon damuwa duk suna hana mutum haɗa aiki biyu. Amma ya lura ba ta kuskure suna ko ɗaya ba, kuma ga rashin ci, ga rashin barci. Ya ce a fara maganin damuwa, a daina barin ta ita kaɗai, sannan a gani.

Muka bi. Watanni suka wuce, ta fara ci, ta fara faɗa. Abdulnasir dai ya ƙeƙasa ƙasa.

Ranar sunan ɗan ƙanwata Kamila a Gammo, aka ajiye Gwaggo kan tabarma cikin tsofaffi. Wata matashiya ce ke suya, tana ta dagargaza wainar. Gwaggo ta duba, ta sake dubawa, ta miƙe.

"Tashi, 'yar nan, kada ki kunyata mu."

Kafin ta zauna an kai wa Abdulnasir labari. Ya shigo cikin mata da saurinsa. "Inna, don Allah ki taso!"

Na san in ta tsaya amsa masa shi ke nan.

Ba ta ko ɗago ba. "Abdulnasir, wa ya koya maka shigowa cikin mata ba sallama? Badi'a, miƙo min mai. Ke kuma matso da kwanon nan." Cokali na ta tafiya gida-gida, waina na fitowa ja-ja-wur, ƙafa ta iza itace. Har ta tambaye shi ko ya sallami wanzami, ta kwashe zagayen farko ta zuba na biyu.

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, gida ya ɗauka. Ni kam kuka na fashe da shi, ban ji kunyar kowa ba.

Abdulnasir ya durƙusa gefen murhu. "Inna, sannu da aiki."

"Yauwa," ta ce. "Gobe da safe ina son tandata a ƙofar gida. Matsa, kana tare min iska."