Sauko

Duk wanda ya taɓa riƙe wa Baba Mai Buroshi gwangwanin fenti ya san yadda yake sallamar aiki. Ba ya cewa ya yi kyau, wannan maganar masu saye ce. Idan ka gama rubuta allon wani kanti, sai ya bar ka a kan tsani, shi kuma ya goya hannu ya yi ta ja da baya, ya tsallake titi a haka masu babur suna zaginsa, har ya kai daidai inda mai wucewa zai hango allon. Nan zai tsaya ya ƙura ido. In aikin bai yi ba, ka ji "ƙara" ko "goge". In ya yi, kalma ɗaya ce tak: "Sauko."

Duk waɗanda suka koyi sana'a a hannunsa sun ji wannan kalma, har da wani da ya taɓa rubuta "kemis" da harafi a juye. Auta ce kaɗai ba ta taɓa jinta ba, 'yarsa ta cikinsa, wadda ta gaji shagon bayan rawar hannu ta raba shi da buroshi. Laifinta guda ne: ta kawo kwamfuta da injin yanka sitika. A wurin Baba wannan liƙi ne, bai kai a kira shi zane ba. Kullum yana kan kujerarsa ta bakin ƙofa, in ta ɗaga aiki ta nuna masa sai ya ce, "To, inji ya yi ƙoƙari." Takan yi dariya, amma abin yana ci mata rai. Ga ta da 'ya'yanta, ga masu kiranta shugaba a shago, amma a gaban tsohon nan har yanzu tana saman tsani.

Wata safiya wata doguwar mata ta shigo, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Ta gaida Baba cikin ladabi, sannan ta ce wa Auta tana son a yi mata zane a jikin abin hawanta.

"Mota ce ko babur?" in ji Auta.

"Jirgi."

Baba, wanda ake zaton gyangyaɗi yake, ya buɗe ido ɗaya. "Na ruwa?"

"Na sama, Baba."

Kyaftin ake kiranta. Ɗan ƙaramin jirgi ne nata na kanta, da shi take kai magani da ma'aikatan jinya garuruwan da hanyar mota ba ta isa. Allura take so da jan zare, allurar a wajen hancin jirgin, zaren ya bi jikinsa yana lanƙwasa har wutsiya. Mahaifiyarta tela ce, ta ce, da allura ta yi mata karatu har ta kai ga tuƙi.

"Ba na son suna, ba na son lambar waya. So nake duk wanda ya ɗaga kai ya ce ga allurar nan ta zo."

Ranar da za a je liƙawa, Baba ya riga kowa shiga mota, wai rakiya kawai zai yi. Rumfar jiragen tana can ƙarshen wani fili da ba a ganin iyakarsa. Da aka ture ƙofar, Auta ta tsaya cak. Ta sha ganin jirgi a sama kamar kowa, amma gani ya kori ji. Ga shi nan fari sol, ya shimfiɗa fikafikai, bai fi motar haya girma ba. Ta kai hannu ta taɓa jikinsa a hankali, ta ji ƙarfen ya ɗan lotsa ƙarƙashin yatsanta kamar gwangwanin madara. Wannan ne yake ɗaukar mutane ya keta gajimare da su? Baba kuwa zagaya shi ya yi ta yi, bakinsa yana motsi, tasbihi yake ko lissafin awo, Allah kaɗai ya sani.

Bakaniken rumfar, wani mai tumbi da ba ya rabo da tsumma a kafaɗa, ya kama jirgin da hannu ɗaya ya jawo shi cikin haske kamar mai jan akuya. Sannan ya karanta musu dokoki. Ba a liƙa komai a kan sassan fiffike da na wutsiya masu motsi. Ba a rufe lambar jirgin. Ya nuna wani ɗan rami a gefe, wanda tsinken ashana ma sai da dabara zai shiga.

"Wannan kuwa ko da wasa, ƙanwata. Ta nan jirgi yake jin nisansa da ƙasa. Kika toshe shi, kin makantar da Kyaftin."

Auta ta ƙura wa ramin ido. Ba ta taɓa yin aikin da ran mutum ke rataye da shi ba.

Gefen hagu ya hau lafiya lau. Ta goge ƙarfen tas, ta ɗora allurar, ta bi ta da robar gogewa, ta hura iska mai ɗumi a kan kowace ƙusa har sitikar ta kwanta. Da suka zagayo dama ta warware ɗaya allurar ta ɗaga, sai Bakanike ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ƙanwata, ta hagu ɗinki take, wannan kuma tsefewa za ta yi."

Tsinin allurar wutsiya yake kallo. Auta ta buga iri ɗaya sak sau biyu, kamar yadda take yi wa kowane aiki, ba ta juya ta biyun ba. Kunya ta kama ta kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta saci kallon Baba tana jiran ya ce inji ya yi ƙoƙari, sai ta ga yana susar gemu. Ai jiya shi ma ya shimfiɗa su biyun a shago ya ƙare musu kallo, bai ga komai ba. Shi da ita duk rayuwarsu a kan allo suka yi ta, kuma allo fuska ɗaya gare shi, ba ya zuwa ko'ina.

"Abin da ke tafiya daban ne," ya ce a hankali, kamar da kansa yake.

Washegari ta dawo da juyayyiyar allura, ta zauna daram. Sai kuma zare ya ƙi. Jikin jirgin kamar kifi yake, ya kumbura a tsakiya ya tsuke a baya, layin da ya miƙe a kwamfuta sai ya zo nan ya karkace. In tana kusa ba ta ganin karkatar, in ta koma nesa babu mai riƙe mata. Tana saman tsani gumi yana ɗiga daga haɓarta ta ji muryar Baba daga can bakin rumfa.

"Ɗaga kaɗan. Ya yi yawa, sassauta. Bi shi, kada ki ja shi, zare ba a yi masa dole."

Ta bi. Hannun nata, idon nasa, haka suka tafi da jan zaren nan taki-taki har ya lanƙwashe a gindin wutsiya kamar yanzu aka zaro shi daga ƙyalle. Kyaftin ta tsaya tana kallo, daga baya ta juya ta share ido.

Aka turo jirgin waje cikin rana. Baba ya goya hannu ya fara ja da baya. Auta tana kan tsani ba ta motsa ba. Ya ja, ya ja, har bayansa ya daki shingen waya. Ya tsaya ya duba, sannan ya dawo yana girgiza kai.

"Ba daga nan za a gan shi ba. Ni ba na yanke wa aiki hukunci sai daga inda mai kallo yake."

Kyaftin ta yi murmushi. "Gaskiyarka, Baba. To mu za mu ja maka da baya." Ta dubi Auta. "Shigo."

Auta ba ta san lokacin da aka ɗaure ta da bel aka sa mata abin ji a kunne ba. Farfela ta juya har ta ɓace, ƙasa ta yi ta gudu, can kuma sai ta sake su. Auta ta runtse ido tana salati. Da ta buɗe, duniya ta shimfiɗu a ƙarƙashinta, tituna sirara, kogi yana walƙiya, inuwar gajimare tana rarrafe a kan gonaki. Ga garin da ta cika da alluna, amma ko ɗaya ba a gani, rufi ne kawai. Ta manna goshi a gilashi tana ta kallo.

Kyaftin ta karkata jirgin ta zagayo kan filin, don na ƙasa su ga gefensa. Auta ta leƙa. Ɗigo biyu ne a bakin rumfa, ɗaya mai faɗi, ɗaya siriri. Siririn yana motsi a hankali, kuma ko daga nan ta gane tafiyar. Da baya yake yi.

Abin kunnenta ya yi ƙara. Muryar Bakanike ce ta oba-oba: "Kyaftin, Baba na son magana. Danna nan, Baba. A'a, riƙe za ka yi."

Aka ji tari, aka ji numfashi.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Sauko."

Nan take fuskar Kyaftin ta canza, ta bi agogunan gabanta da ido ɗaya bayan ɗaya. "Lafiya? Wani abu ya ɓalle ne?"

Auta ta girgiza kai, hawaye yana bin kumatunta, dariya kuma tana neman ƙwace mata. "Babu abin da ya ɓalle. Don Allah, Kyaftin, ki ƙara zagaye ɗaya."

"Ai cewa ya yi ki sauka."

"Na ji. So nake ya sake faɗa."

Kyaftin ta dube ta, ta kwantar da fiffike suka sake juyawa. Can sai muryar tsohon ta dawo, tana rawa kamar hannunsa.

"Auta, ba ki ji ni ba ne? Na ce sauko."